Taku Arba'in da Uku

Ni na buga littafin nan da yatsuna, shafi ɗari uku da tara, kuma sau biyu. Na fara da wannan ne saboda yanzu a garinmu Santa Rufina kowa ya zama gwanin littafin, wato Garken Ubangida, har da waɗanda a zamanin mulkin Janar in suka hango marubucinsa sai su tsallaka titi. Sunana Fidelina Arzamendia. Ina da shekara ashirin da biyu lokacin da Don Leoncio Samudio ya fara kawo mini rubutunsa a ƙasan kwandon chipa, burodin rogonmu, ya lulluɓe da tawul kamar mai kai wa majinyaci abinci. Sai in ninke bargo gida huɗu in ɗora keken rubutu a kai don kada ƙara ta kai kunnen maƙwabta, in yi ta bugawa da tsakar rana, lokacin da gari kaf ya kwanta.

A wancan zamanin ba ma kiran abu da sunansa. Mutum ya ce kaji sun yi tsada a kasuwa, sai kowa ya shiga tunanin su wa ake nufi da kaji. Fada ya yi wa'azi a kan Fir'auna, coci ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi a cikinsa. Abin ya zame mana jiki har ta kai ko an gaya mana magana a miƙe sai mun leƙa bayanta. To da Don Leoncio ya rubuta labarin wani mai kiwo da ke ƙirga shanunsa kowace safiya, yana ƙona musu tambarinsa da ƙarfe mai zafi har da 'yan maruƙan da ba su gama tsayawa da ƙafa ba, babu wanda ya nemi bayani. Ubangida shi ne Janar. Karnukan garke 'yan sanda ne, shingen waya iyakar ƙasa, kaska kuwa ministoci. Ranar da na buga babin kaska sai da na toshe bakina da gefen riga saboda dariya.

Babi na sha ɗaya ne bai ba ni dariya ba. Bijimai bakwai suka ƙi jan garma, Ubangida ya sa aka kora su bayan gidan gasa bulo aka kashe, aka zuba su a wata matacciyar rijiya, aka cike ta da fasassun bulo, aka dasa lemon ɗaci a kai. Ɗaya daga cikin bijiman yana da farin gashi a girar hagu.

Yayana Crispín da farin gashi a girar hagu aka haife shi. Shekara biyu kafin nan, a makon Ista, 'yan sanda suka kwashe shi tare da mutum shida na ƙungiyar manoma, waɗanda duk laifinsu shi ne sun haɗa kai suna sayar da audugarsu ba ta hannun dillalin gwamnati ba. Bayan kwana uku Don Leoncio ya zo gidanmu. A lokacin shi ne akawun ofishin 'yan sanda. Ya cire hula, ya gaya wa Mama cewa an sake su, sun haye kogi zuwa ƙasar maƙwabta, kuma kada ta sa ran wasiƙa nan kusa. Mutane da yawa sun haye a shekarun nan, saboda haka muka yarda. Mama har tereré ta haɗa masa, shayinmu mai sanyi, ta miƙa masa ƙahon da muke shansa a ciki da hannu biyu.

Da na iso kan girar nan sai yatsuna suka ƙi gaba. Ranar da ya zo karɓar shafukan na tambaye shi.

"Alama ce, Fide," in ji shi. "Na sa ne don girmama yayanki. Duk wanda aka raba da ƙasarsa ai an binne shi ne da ransa."

Na yi kuka, na yi masa godiya. Godiya fa. Har yau in na tuna da ita sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Mako na zagayowa ya dawo mini da shafin, ya soke wuri ɗaya da fensir. Inda na buga cewa daga bakin murhun bulo zuwa rijiyar taku arba'in ne, ya mai da shi arba'in da uku. Saboda taku uku sai da na sake buga shafi guda cur, ina ta mita. Ya ce haka ya fi daɗi a kunne. Tsohon shafin na jefa shi a akwatin ɗinki, ba don wani dalili ba sai don ni ba na yar da takarda.

Littafin ya haye kogi a cikin buhun rogo, aka buga shi a can, ya dawo mana sanye da bangon littafin addu'a. Kwafi ɗaya sai ya zaga gida ashirin, yana dawowa da maiƙo a gefen shafuka. Daga baya Janar ya faɗi. Waɗanda suka haye suka yi ta dawowa, wasu da furfura, wasu da 'ya'yan da ba sa jin yarenmu. Crispín bai dawo ba, haka sauran shidan. Kwamitin neman ɓatattu ya tona a barikokin babban birni, bai sami ko maɓallin rigarsu ba. Ni na daɗe da sanin ba ya raye, sai dai ban san inda zan je in tsaya in yi masa addu'a ba. Mama kuwa, Ña Petrona, wato Uwargida Petrona a yarenmu, shekararta tamanin da shida, idonta ya kusa tafiya, amma har yau maganarta ɗaya ce: ya auri wata muguwar mata a can da ke hana shi rubuto wasiƙa. Ta tsani matar nan ba kaɗan ba. In miya ta ƙone sai ta ce ko waccan mai baƙin halin ba za ta yi girki haka ba.

Don Leoncio ya zama babban mutum. Ya bar aikin 'yan sanda tun kafin ya fara littafin, kuma duk ɗan jaridar da ya zo sai ya ba shi labarin yadda ya ajiye alƙalami ya fita don ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya. Ana karanta shi a makarantu. Yara na haddace alamominsa yadda ake haddace biyu sau biyu: kare kaza ne, shinge kaza ne, rijiya kaza ce. Jikar maƙwabciyata ta faɗi jarrabawa saboda ta rubuta cewa rijiya rijiya ce.

Wata Talata, shekara ashirin da takwas bayan wancan makon Ista, Toribio ya zo duba mini tsagewar bangon kicin. Magini ne, mijin 'yar kawuna, kuma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Yana aiki da kamfanin da ya sayi filin tsohon gidan bulo don gina katafaren rumbun waken soya. Muna shan tereré yana zuba, daga tsadar siminti zuwa rowar surukarsa, har ya faɗo kan aikinsu. Ya ce jiya sun sare wata tsohuwar bishiyar lemon ɗaci, da katafila ta tumɓuke saiwar sai ga da'irar bulo a ƙasa, bakin rijiya ne, an cike ta dam da fasassun bulo. Ya tambayi tsofaffi uku, babu wanda ya tuna da rijiya a wurin. Ba wata matsala, in ji shi, ranar Litinin za a malale filin duka da kankare.

Ban san lokacin da na ajiye ƙahon ba. Na ce ya tashi ya kai ni.

"Yanzu, cikin ranar nan? Ña Fide, in mijin aure kike nema a cikin leburorinmu, ki bari su yi wanka tukuna."

Ban kula shi ba. Tafiyar rabin awa ce daga gari. Murhun ya rushe, amma bakin ƙofarsa na nan tsaye, baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi. Na jingina bayana da shi na taka zuwa da'irar bulon, na samu hamsin da ɗaya. Har na fara sauke ajiyar zuciya, sai na tuna ni gajeriya ce. Na ce wa Toribio ya koma ya taka irin tafiyarsa ta kullum, ya ƙirga da ƙarfi. Ya ɗauka rana ce ta taɓa ni. Ya taho yana ƙirgawa yana dariya, yana ƙamewa kamar soja. A kan arba'in da uku ƙafarsa ta sauka a bulo.

Na zauna a ƙasa, a nan cikin jar ƙura. Shekara ashirin da shida wurin da yayana yake yana rubuce a akwatin ɗinkina, ƙarƙashin zare da almakashi, kuma ni na buga shi.

Washegari na je wurin alƙaliya. Matashiya ce mai ladabi. Ta ba ni kujera, ta karanta shafin sau biyu, ta ce ita ma a kan babin nan ta rubuta jarrabawar gama sakandare. Amma ƙagaggen labari ba hujja ba ne, gyaran fensir ba hujja ba ne, kamfani kuma takardun izininsa sun cika. Abin da take bukata shi ne mutum ɗaya da zai rantse ya sa hannu cewa ya gani da idonsa. In ta samu wannan, ko ranar Lahadi ce za ta tsayar da aikin a tona. Daga nan na je wurin mai kula da aikin. Ya ce motocin kankare takwas ya riga ya kira, kuma shi tunda yake bai taɓa karanta littafi ya kai ƙarshe ba. Shi kaɗai ne a makon nan ban ji haushinsa sosai ba.

Ranar Alhamis na zaga gidajen sauran shidan. Huɗu sun bar gari tuntuni. A gida na biyar ɗan mamacin ya ce in rufa masa asiri, shi yanzu ma'aikacin gwamnati ne. Ña Gumersinda kuwa, wadda mijinta ne shugaban ƙungiyar, ta saurare ni har ƙarshe, ta dafa hannuna, ta ce in yi haƙuri, ai an taɓa yin bayani a rediyo cewa rijiyar nan ba rijiyar gaske ba ce. Mutum ɗaya ya rage mini a duniya.

Ranar Juma'a na tafi gidan Don Leoncio. Hanyar ta bi ta dandalin gari, inda magajin gari ya sa aka gina rijiya don bikin cikar littafin shekara ashirin da biyar, wanda za a yi washegari. Rijiya ce kyakkyawa, ta farin dutse, da gugan tagulla, da sunan marubuci a jiki. Rami ne kawai ba ta da shi. In ka leƙa, daɓen siminti za ka gani a tsawon hannu.

Na same shi a baranda, tela ya kawo masa sabon kwat an rataye a ƙusa. Shekararsa saba'in da huɗu, ya rame. Ya tare ni da fara'a, ya ce ga yatsun zinariya, ga wadda ta fi shi sanin waƙafinsa. Na shimfiɗa shafin a kan tebur, na ba shi labarin ƙafar Toribio. Ya daɗe yana kallon rubutun fensirinsa.

"Fide, littafi ne."

"Mai ƙaga labari ba ya dawowa bayan mako guda ya gyara taku uku, Don Leoncio. Wanda ya taka ne yake gyarawa."

Sai ya buɗe baki ya shiga magana irin ta rediyo. Wai in rijiyar ta zama rijiya, littafin ya ƙanƙance ya koma rahoton 'yan sanda. Wai yanzu babin nan na duk wata uwa ne da ta rasa ɗa a nahiyar nan, an fassara shi cikin harsuna goma sha huɗu, kuma alama ta fi rami ɗaya girma. Na bar shi ya gama. Na ce ni ba ni da abin yi da harsuna goma sha huɗu, yaya ɗaya gare ni da kwana uku. Da ya sake magana, muryar ta dawo tasa.

"In na ce na gani, za su tambaye ni abin da nake yi a wurin."

"Ni ba zan tambaye ka ba. Ko shebur ka riƙe ko alƙalami, ba ruwana. Ka sa hannu kawai su ciro shi, Mama ta taɓa shi kafin ta mutu."

Ya ce in ba shi zuwa gobe ya yi tunani. Ya rako ni har bakin ƙofa, ya ce in gaishe masa da Mama, ba kunya ba tsoron Allah.

An yi taron a babban zauren makaranta. Baƙo mai jawabi shi ne Farfesa Aldama daga babban birni, wanda ya naɗo ƙyalle a wuya cikin zafin da ke narka kwalta. Awa ɗaya da kwata ya yi a kan babi na sha ɗaya kaɗai. Ina layi na uku da shafina a jaka, ina jira in ga ko Don Leoncio zai kalle ni. Bai kalle ni ba.

Farfesa ya ce bakwai kwanakin halitta ne da mulkin danniya ya juya da baya. Rijiya maƙogwaron ƙasa ne da aka toshe. Lemon ɗaci shi ne mulkin kansa, kyau a ido, ɗaci a baki. Farar gira ɗigon tsarki ne a fuskar talaka. Da ya iso kan arba'in da uku sai ya cire tabarau, ya ce a nan gwanintar take: arba'in shekarun Isra'ilawa ne a jeji, uku kwanakin Almasihu a kabari, marubuci ya haɗa gudun hijira da tashin matattu a lamba ɗaya. Zaure ya ɗauki tafi. Ña Gumersinda ma tana tafi, alhali mijinta na ƙarƙashin fasassun bulo, tafiyar rabin awa daga kujerarta. Don Leoncio na zaune a kan dandamali da lambar girma a ƙirji, yana gyaɗa kai a hankali.

Ban taɓa jin zuciyata ta tafasa irin ta ranar ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne Farfesa ba ƙarya yake shirgawa da gangan ba. Ya yarda da abin da yake faɗa, mutanen zauren sun yarda, ni ma da ban ga ƙafar Toribio ba da ina cikin masu tafi. Janar ya koya mana leƙen bayan magana, ya mutu ya bar mu ba ma iya ganin gabanta.

Da aka ba da damar tambaya na miƙe. Ban jira lasifika ba, muryata ta isa.

"Don Leoncio, tambaya ɗaya ce. Rijiyar da ke bayan gidan bulo, akwai ta ko babu?"

Farfesa ya yi mini murmushi irin na likita. Ya ce tambayar baiwar Allah ta yi kyau, kowane mai karatu daga nan yake farawa, yana neman abin da ke cikin littafi a bayan gidansu, sai a hankali ya koyi ɗaga ido sama. Na ce masa in ina da tambaya a kan ƙyallen wuya zan neme shi. Wasu suka yi dariya, ya koma ya zauna.

"Jibi za a zuba mata kankare," na ce. "Crispín Arzamendia yana ciki ko ba ya ciki?"

A karon farko Don Leoncio ya kalle ni, kuma na rantse bakinsa ya buɗe da niyyar faɗa, na gani da idona. Sai ya kalli magajin gari, ya kalli 'yan jarida biyu da ke gefe, ya kalli 'yan makarantar da aka jera riƙe da furanni. Ya jawo lasifika.

"Rijiyar nan," in ji shi, "tana cikin zuciyar kowane ɗan ƙasar nan."

Suka miƙe tsaye suna tafi. Wata malama ta riƙe hannuna ta fitar da ni a hankali, tana ce mini ta gane, haka littafin yake taɓa mutane, ita ma sai da ta yi kuka a babin nan. Washegari jarida ta buga maganar tasa a shafin farko da manyan baƙaƙe.

Ranar Lahadi bayan coci Toribio ya zo da diga da shebur. Na riga na gaya masa komai, kuma tun daga lokacin bai sake yi mini wasa ba. Muka ɗaga wayar shingen filin muka shiga, muka yi ta fitar da fasassun bulo har ramin ya kai gwiwa. Mai gadi ya kira 'yan sanda. Samari biyu suka zo, waɗanda ba su san zamanin Janar ba sai a makaranta. Suka karɓe digar cikin ladabi, suka kai mu gida a motarsu. A hanya Toribio ya ce irin rijiyoyin nan zurfinsu gaba goma ne, ko mako aka ba mu mu biyu ba za mu kai ba.

Litinin tun ƙarfe bakwai ina bakin shingen. Motoci takwas suka zo ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai kula da aikin ya faɗa. Kafin ƙarfe biyu fili ya zama shimfiɗa guda mai ruwan toka, leburori na shafe ta da katako. Toribio bai je aiki ranar ba, kuma ba su sake ɗaukarsa ba. Na koma gida na dafa wa Mama miyar wake, ta ce gishiri ya yi yawa.

Sai ranar Alhamis da la'asar Don Leoncio ya zo. Kankare ya riga ya bushe, an fara kafa ƙarafa a kai. Ba kwat, ba lamba, tsohuwar hula ce kawai. Ya tsaya a bakin ƙofa ƙarƙashin mangwaro, ko gaisuwa babu.

"Yayanki ne na uku," ya ce.

Ya ba ni labarin yana kallon ƙasa. Da hantsi aka sa shi a mota, don kwamanda na son wanda zai riƙa soke sunaye a takarda. Daga bakin murhu ya bi su a baya, yana ƙirga takunsa don kada ya kalli ƙeyarsu. Da ya zo rubutawa ya ce arba'in, amma abin ya hana shi sukuni sai da ya gyara. Bai riƙe bindiga ba, bai riƙe shebur ba, takarda ce da fensir. Crispín ya san shi, domin shi ya cike masa takardar shaidar ɗan ƙasa. Da aka kira sunansa ya waiwayo ya faɗi magana ɗaya.

"Me ya ce?"

"Ya ce, Don Leoncio, ka gaya wa Mama inda nake."

Na riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu.

"Kuma na faɗa, Fide. Na rubuta, da gira, da bishiya, da taku. Iyakar abin da zan iya ke nan a lokacin. Na ɗauka wani zai karanta ya je ya tona. Shekara ashirin da biyar ba wanda ya je."

Na ce ni na je. Na zo gidansa Juma'a, na tambaye shi Asabar a gaban gari. Na ce to kankare ai ana fasa shi, alƙaliya na ofishinta gobe. Ya girgiza kai. Wai ya tsufa, zuciyarsa ba lafiya, jikokinsa da sunansa suke amsawa a makaranta. Wataƙila zai bar wasiƙa a buɗe bayan ransa. Abin da ya kawo shi shi ne tun Asabar abinci ba ya wuce masa. Yana so in gaya wa Mama da kaina, a hankali, tunda ni na san yadda ake bi da ita, don saƙon dai ya isa.

Wato ya sake kawo mini rubutunsa in buga masa. Kayan da ya ɗauka shekara ashirin da takwas ya zo ya sauke a ƙofata, shi kuma ya koma gida ya ci abincinsa.

"Kai aka ba saƙo," na ce. "Ni ba a ba ni komai ba."

Na damƙi hannun rigarsa. Ashe ba shi da wani nauyi. Na ja shi ta tsakar gida har barandar baya, inda Mama ke zaune da roba a cinya tana feraye rogo da lalube. Ta ji takun baƙo ta tambayi wane ne. Da ya gaishe ta, nan take ta gane muryar, fuskarta ta washe.

"Don Leoncio ne? Fide, ba shi kujerar kirki, ba mai gurguwar ƙafar nan ba. Bawan Allah, ka yar da mu. Ko ka ji wani abu daga ƙetare?"

Na ajiye masa kujera dab da gwiwarta, na koma na tsaya a bakin ƙofa na tare ta. Ya zauna. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ña Petrona," ya ce, "a wani zamani can baya, an yi wani mai kiwo..."

"Ban da shanu," na ce. "Kira sunansa."

Ya waiwayo ya kalle ni, ya ga ba hanya. Ya juya wurinta.

"Crispín," in ji shi. "Saƙon Crispín na zo da shi. Ya daɗe a hannuna."

Mama ta ajiye wuƙar a cikin roba, ta goge hannuwanta a jikin riga ɗaya bayan ɗaya, ta gyara zama, ta juyo masa da kunnenta mai ji.